Muryar da Ke Bayan Gogen Lalla

"Ɗaga ƙafarka, Ajidan."

"Da ni kake?"

"Da kai. Kana tsaye bisa mutumin da kake nema."

Ajidan ɗin jandarmomi ya dubi ƙasa, bai ga komai ba sai rairayi da ɓawon gujiya. Duk da haka ya ja da baya, domin ya daɗe yana aiki da tsohon nan, ya san Intalla mai bin sawu ba ya ɓarnar magana. Intalla ya durƙusa, ya zagaye wani wuri da ɗan yatsa, ya karɓi kwano daga hannun wata mai fura ya kife a kai.

Shagon na Zakiru ne, saurayin da ke sayar da radiyon mota a bakin tashar Dakoro. Da aka sauko daga Juma'a ne aka tarar da shi kwance a bayan teburinsa, an rotsa masa ƙeya. An kai shi likita yana numfashi, amma bai san wanda ke kansa ba. A kan kantar shagon radiyo bakwai ne a jere, masu fitilu ja da shuɗi, ba wanda aka taɓa. Abu guda aka ɗauke: wani baƙin radiyo marar ado, wanda ya iso daga Maradi ranar Laraba.

Jama'a sun cika bakin hanya, ba mai ɗaga murya, kuma shirun ya fi ihu ban tsoro. Suna guda ne ke yawo daga baki zuwa kunne.

"Ba sai an wahal da tsoho ba," in ji Isufu dillalin dabbobi, yana share ido da hannun riga. Aminin marigayi Malam Bubakar ne, mahaifin Zakiru, a gabansa yaron ya girma. "Wanga takalmi kowa ya san shi. Tayar mota ce, da ƙusa ukku ga dunduniya. Na Hamid direba ne. Jiya duk tasha ta ji shi yana ma yaron nan tsawa."

"Mun riga mun kama shi," in ji Ajidan. "Takalmin na ƙafarshi. Gobe da hantsi in miƙa shi ga alƙali, daga can sai gidan kaso."

Intalla ya ɗaga gefen kwanon ya leƙa a hankali, kamar mai duba jaririn da ke barci.

"Takalmin nashi ne," ya ce. "Ka ba ni lokaci zuwa hantsin."

* * *

Saminu direba yana zaune a inuwar motarsa. Shi da Hamid hanya ɗaya suke bi, Dakoro zuwa Kornaka, kuma kullum sai sun yi gardama a kan fasinja.

"Baba Intalla, wata huɗu hwa," in ji shi. "Wata huɗu mutumin nan na zaɓen radiyo kamar mai zaɓen matar aure. Duk wanda Zakiru ya kawo, sai ya ciro wata 'yar kile daga wuyanshi, irin wadda ake zuba waƙa a ciki, ya soka. Radiyo ya ƙi. Ya zare abinshi ya ce ba shi ba ne. Anka kawo mai allo kamar talabijin, ya ƙi karantawa. Anka kawo mai cin faifai, ya ce ƙurar hanyar Ɗan Gulbi za ta kashe shi cikin sati. Anka kawo wanda har an rubuta sunan abin ga kwali, ashe ƙarya ce."

"Sunan mi?"

"Fulak, wai. Ka ga waƙoƙinmu na salula, empeturwa, matse su ake don su shiga waya. Zakiru ya ce kamar kilishi ne: nama ne dai, amma an busar da ruwanshi. Shi Hamid ɗanyen yake so. Wai gogen uwarshi ne, marigayiya Lalla, ba a rage mashi ko numfashi ba. To waƙar nan wa ba ya da ita a garin nan? Ni kaina tana cikin salulata."

"Jiya mi ya faru?"

Dariyar ta bar fuskar Saminu.

"Jiya baƙin nan ya karanta. Zakiru ya haɗa shi da batir da amsa-kuwwa biyu, anka soka kile. Baba, tsigar jikina ta tashi. Ba waƙa munka ji ba, matar munka ji. Kana jin munduwarta na gogar ƙoƙon goge. Kana jin kukan akuya can nesa. Hamid ya rufe ido, hawaye na shiga cikin rawaninshi. Can wajen tsakiya sai Zakiru ya zabura ya kashe. Fuskarshi ta koma toka. Ya ce a bar mashi kilen ta kwana, yana so ya saurara shi ɗai. Hamid ya ce ba ya rabuwa da ita ko da sa'a guda. Nan faɗa ya tashi."

"Amma ya bar ta."

"Ya bar ta. Zakiru ai yayan Kausar ne, ita ko saura sati ukku a kai ta ɗakin Hamid. Wa ke son ɓata suruki ana saura sati ukku?"

"Su wa ke shagon?"

"Ni, da su biyun, da Kawu Isufu. Shi kullum nan yake shan shayi."

Idon Intalla ya riga ya sauka ƙarƙashin kujerar motar, inda bakin wani kwali ya leƙo. Ya miƙa sandarsa ya jawo shi. Hoton baƙin radiyon ne a jiki.

Gumi ya karyo wa Saminu.

"Ka yi Juma'a?" Intalla ya tambaya.

"Na makara. Amma wallahi tun jiya na ɗauki kwalin nan. So nike in kai shi Maradi a samo mini irinshi a ɓoye. Wata huɗu ina ma mutum dariya, da wane ido zan ce ni ma ina so?"

"Tashi ka yi taku goma."

Saminu ya tashi ya taka. Tsohon ya bi sawun da kallo.

"Kana jefa ƙafar hagu waje, irin ta wanda ya daɗe yana taka ambirayaj, kulocin mota. Ba kai ba ne. Amma kada ka bar gari. Gobe ina son hannunka."

* * *

A ɗakin tsaro na jandarmomi an cire wa Hamid rawani. Yana zaune a ƙasa ya rufe baki da tafin hannu, domin ga mutanensa namiji ya zauna baki buɗe a gaban dattijo tsiraici ne. Intalla ya warware wani yanki daga nasa rawanin, ya yage, ya zura ta tsakanin ƙarafa. Sai da saurayin ya naɗa sannan ya iya ɗaga ido.

"Ɗana, ina kake lokacin huɗuba?"

"Sahu na huɗu, Baba. Amma wa zai shaida? Masu amawali sun hi ɗari a masallacin, ido kaɗai ake gani."

"Takalminka fa?"

"Gindin bango na aje su, inda na saba. Da na hito na same su wajen randa. Na ce cunkoso ne. Sai dai akwai ƙarangiya ga maɗaurin. Tsakanin gidana da masallaci ba ƙarangiya."

Intalla ya gyaɗa kai. "Ba ni labarin waƙar."

"Shekara ukku ke nan. Ran sunan ɗan ƙanwata, a zangonmu kusa da Ɗan Gulbi. Wata ɗaliba ta zo daga jami'a tana tattara kiɗan tsofaffi, ta rataye na'urarta jikin tabarmar bukka. Ranar ce ta ƙarshe da Inna ta taɓa goge. Bayan rasuwarta ɗalibar ta aiko da waƙar ta salula, kowa ya kwasa. Ni kuma ta aiko mini da cikakkiyar a kile. Sau ɗaya na sa ta a ordinata, kwamfutar mai buga takardu, sautin ya hito kamar kukan sauro. Ni so nike in ji ta a hanya, kamar tana zaune gehena tana kallon daji. Iyakar laihina ke nan."

Tsohon ya tuna wannan bikin suna. A ranar ne aka kore shanun Malam Bubakar goma sha ɗaya daga bakin rijiya, shi da makiyayinsa suna wajen cin naman suna. Ba a kira Intalla ba sai bayan kwana biyu, ruwan sama ya riga ya wanke ƙasa. A duk rayuwarsa wannan ne sawun da ya ɓace masa. Malam Bubakar kuwa bai ga damina ta gaba ba, baƙin ciki ya cinye shi kamar yadda gara ke cin dirka, daga ciki.

"Baba," in ji Hamid, muryarsa ta yi ƙasa. "Kausar ta zo?"

"Ba a bar ta ba."

"Ta yarda ni ne?"

Intalla ya juya ya fita, domin ba ya ba da amsar abin da bai ga sawunsa ba.

* * *

Bayan la'asar, lokacin da rana ta karkata har kowane ɗan rami a ƙasa ya sami inuwarsa, ya koma bayan shagon. Nan sawun ya fito.

Takalmin dogo ne, ƙafar da ke ciki gajeruwa. Bakin takalmin ba ya cizon rairayi, domin babu yatsu a can. Dunduniya kuwa tana nutsewa. Hamid a kan tudun rairayi ya koyi tafiya, shimfiɗa ƙafa yake yi kamar raƙumi. Wannan mutumin gari ne, mai nauyi, kuma ya wuce hamsin.

Sawun ya bi lungu, ya ratsa wani fili mai ƙarangiya, ya nufi kwarin bayan gari. Taku ne mai sauri, na wanda ke lissafin raka'a a zuciyarsa, yana so ya koma masallaci kafin liman ya sallame. Amma a ƙofar gidan ƙarshe, inda aka ɗaure wani jan bajimi na kiwo, sai ya yi abin mamaki. Ya karya tafiyarsa. Ya ratse taku biyu zuwa hagun bajimin, ya haɗa ƙafafu, nauyinsa ya koma gaba kamar na mai miƙa hannu. Daga nan ya ci gaba da sauri.

Intalla ya daɗe a tsaye. Mutum ya fasa kan ɗan Adam, yana ɗauke da kayan sata, lokaci na ƙure masa, me zai tsayar da shi wajen sa? Ya zagaya ya dubi kuturin dabbar. A kan jan gashin akwai wani ɗan duhu da ƙudaje ke bi, faɗinsa kamar na yatsu huɗu.

A gindin wata aduwa, cikin kwari, an shafe rairayi da tafin hannu. Iska ba ta shara haka. Ya tona da hannu, ya ciro buhu. Radiyon na ciki lafiya lau. Kusa da shi ga kilen Hamid, an dandaƙe ta da dutse ta rabu biyu.

Tsohon ya riƙe gutsattsarin a tafinsa, ya ji kamar a gabansa aka sake binne Lalla.

* * *

A tsakar gidan marigayi Malam Bubakar an fito da akwatunan aure uku an jera a gindin bango. Hawwa'u, uwar Zakiru, ta dawo daga likita ke nan, idanunta sun kumbura. Kausar tana zaune a kan turmi, ta zuba wa akwatunan ido kamar mai kallon makara.

"Da sahe za a mai da su," in ji Hawwa'u tun kafin a gama gaisuwa. "Ba ni aurad da ɗiyata ga hannun da ya zubda jinin ɗana."

Intalla ya buɗe tafinsa. "Wanda ya bugi ɗanki ya hwasa wannan. Kina jin Hamid zai ɗora dutse bisa muryar uwarshi?"

Sai Kausar ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da wani ɗan ƙyalle mai ƙamshin turare, ta warware ƙulli uku. Wata kile ce, sabuwa.

"Ran da anka sa rana ya ba ni," ta ce. "Ya ce ba ya da abin da ya hi ta a duniya, don haka mu raba. Yaya Zakiru ne ya kwafa. Ban taɓa jin ta ba, ba ni da abin da ke karantawa. Riƙe ta kawai nike."

"Kwafi ai raguwa yake," in ji Intalla. "Zamanin kaset, na ukku sai shuuu."

"Yaya ya ce wanga iri ba ya raguwa. Ko sau dubu anka kwafa, na dubun daidai yake da na hwari."

"Kausar," in ji uwar, "kare shi kike?"

"Inna, so nike in ji abin da Yaya ya ji."

Intalla ya karɓi kilen ya tura cikin naɗin rawaninsa. Yana fitowa zaure ya tarar da Isufu zaune a kan tabarma da carbi a hannu. Bai san tun yaushe yake wurin ba.

"Tsoho, an samu wani abu?"

"Rairayi."

"Allah ya kyauta." Isufu ya ɗaga murya don a ji daga ciki. "Hawwa'u, ki huta yau. Ni zan kwana wajen yaron a likita. Ɗana ne, in ya hwarka ya kamata ya ga nashi."

"An hutasshe ka," in ji Intalla. "Ajidan zai aje jandarma bakin gadon. Ba mai shiga sai uwarshi."

Carbin ya tsaya a hannun Isufu na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da tafiya.

Ajidan bai san da wannan magana ba tukuna. Daga zauren nan tsohon bai tsaya ko'ina ba sai ofishinsa, kuma bai bar wurin ba sai da ya ga jandarman ya hau babur.

* * *

Da safiyar Asabar tasha ta cika. An kawo Hamid da ankwa a hannu. Motarsa na tsakiyar fili, ƙofofi a buɗe, Saminu ya fito daga ciki yana share hannu, ya yafa tsumma a kan abin da ya gama haɗawa. Hawwa'u da Kausar suna gefe, akwatunan nan uku a kan amalanke kusa da su, ana jiran a gama a mayar. Tsakanin wasu motoci biyu kuwa, a wata 'yar siririyar hanya, an ɗaure jan bajimin nan.

"Hantsi ya kusa, tsoho," in ji Ajidan.

"Mutum ukku nike so su zo gare ni, ɗaya bayan ɗaya, in ga takunsu. Waɗanda ke shagon ran Alhamis. Ta nan za su biyo."

Saminu ya fara. Ya manne da jikin mota, yana harar ƙahon bajimin.

"Kai da ke tuƙa mota mai tan biyu kake tsoron sa?" wani ya ce daga cikin taro. Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan da nan.

Hamid ya wuce, bai ko dubi dabbar ba. Idonsa na kan amalanke.

Sai Isufu. Ya taho a natse, yana kallon ƙafafunsa, yana ajiye kowace da lura kamar mai taka ƙwai. Duk hankalinsa na ƙasa. Da ya zo daidai bajimin sai jikinsa ya ratse taku biyu zuwa hagu, ya haɗa ƙafafu, hannunsa ya tashi da kansa ya matsa kuturin, ya ji kitse, ya saki. Har ya iso gaban Intalla bai san ya yi ba.

"Ya kitsen?" in ji Intalla.

Isufu ya dubi hannunsa.

"Jiya ma ka taɓa shi, ƙohwar gidan ƙarshe. Ka saci takalmin wani, ka canza hanya, amma hannunka shekara talatin yana wanga aiki, bai san ana gudu ba. Jinin Zakiru na nan ga gashin."

"Kowane dillali haka yake yi," in ji Isufu. "Mu nawa ne a garin nan? Mun hi ashirin."

"Gaskiya ne. Amma ɗaya ne ke shan shayi a shagon ran Alhamis."

"To don mi zan bugi ɗan aminina? In yi mi da radiyo, ni da ko keke ba ni da shi?"

"Ni ma abin da ya hana ni barci ke nan. Ban sani ba. Yanzu za mu ji tare. Saminu."

Saminu ya yaye tsumman. Baƙin radiyon na zaune a gaban motar kamar don ita aka ƙera shi. Isufu ya dube shi, har ya ɗan yi murmushi, murmushin wanda ya san abin da ya bari a gindin aduwa. Sai Intalla ya sa hannu cikin rawani ya ciro kilen ya miƙa wa Kausar.

"Ɗiyata, taki ce. Ke za ki sa."

Ta taka zuwa motar, ta wuce ta gaban Hamid ba ta dube shi ba, ta soka.

Da farko iska ce ke kaɗa tabarma. Sai tarin wata tsohuwa, kusa, har wasu suka waiwaya. Sai gogen ya tashi, siriri, mai tsirkiya ɗaya, yana hawa yana sauka kamar mai kuka a ɓoye. Kowa a tashar ya san waƙar, amma ba wanda ya taɓa jin ta haka. Ana jin munduwa na gogar ƙoƙo. Ana jin tafin mata, kowace da nata hannun. Mai shayi ya bar butarsa tana zuba a kan gawayi. Hamid ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na girgiza.

Can wajen tsakiya, inda a salula ba a jin komai sai wani shuuu kamar ana zuba gero, sai wata murya ta fito daga ƙarƙashin kiɗan. Muryar namiji ce, ƙasa-ƙasa, daga bayan tabarma.

"Suna bakin rijiya, su goma sha ɗaya. Ba kowa. Bubakar na nan, ga shi ina kallonshi yana cin nama. Ku kora yanzu, ku bi arewa."

Hawwa'u ta dafe amalanke.

"Murya na kama da murya," in ji Isufu. "Wa zai rantse..."

Bai ƙarasa ba. A cikin motar gogen ya ɗan dakata, kamar mai kiɗan ta juya kai. Sai muryar Lalla, a hankali, da dariya a cikinta:

"Isufu, bar wayar nan haka, zagayo ka ci naman suna."

Gogen ya ci gaba.

Isufu ya zube zaune a kan rairayi. Ya dubi radiyon kamar mai kallon kabari ya buɗe.

"Shekara ukku ina jin waƙar nan ga salula," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ba komi cikinta. Na saurara ya hi sau ɗari. Ba komi."

Ajidan ya ciro mabuɗi, ya kwance ankwar daga hannun Hamid, ya taka zuwa inda dillalin ke zaune. Jama'a suka fara matsowa a hankali, da irin shirun jiya, sai dai yau wani sunan ne a bakinsu. Intalla ya gitta sandarsa a gabansu.

"Jiya ma kun tabbata," ya ce. Suka tsaya.

Hamid ya nufi motar, ya miƙa hannu zai kashe radiyon. Wata huɗu yana neman abin da zai dawo masa da uwarsa cikakkiya, ga shi ya dawo da ita tare da muryar ɓarawo a manne a bayanta, kuma ba za su sake rabuwa ba.

"Kada ka kashe," in ji Hawwa'u.

Ya tsaya da hannu a sama. Ta taho har bakin ƙofar motar, ta tsaya tana saurare, hawaye na bin kuncinta ba ta share ba. A can nesa cikin kiɗan, tsakanin tafin mata, wani namiji ya yi dariya mai kauri. Dariyar Malam Bubakar ce. Kausar ta toshe baki da gyale.

Sai da tsirkiya ta yi kukanta na ƙarshe, iska ta sake kaɗa tabarma, sannan Hawwa'u ta juya. Ta dubi Hamid. Sai ta juya ga taron, ta ɗaga murya yadda na ƙarshen tasha zai ji.

"A mai da akwatunan nan ɗakin Kausar. Ran da Zakiru ya buɗe ido, ranar za a ɗaura aure. Kuma kada wanda ya cire radiyon nan daga motar nan, da shi za a kai ɗiyata."